Mangalar Ƙasa Daga Ruma

Ƙarar da goran ya yi ce ta tsayar da ni a bakin ɗakin Inna. A da in ta girgiza shi sai ka ji shuu, kamar ruwa na sauka a kan ganyen dawa daga nesa. Ran nan kuwa ƙwal-ƙwal ya yi, kowace ƙwaya da muryarta, don fili ya yi musu yawa a ciki. Shigowata ke nan daga Katsina, an ba mu hutun tsakiyar damina a makarantar 'yan mata, ban ko kwance ƙunshin kayana ba. Na ga ta zazzage abin da ke cikin goran a tafin hannunta. Bai cika tafin ba.

Ƙwaruru ne, wanda Kanawa ke ce wa gurjiya, amma ba irin na kasuwa ba. Fari ne sol, da wani jan layi mai duhu da ya gangaro daga idonsa, kamar mace ta sa kwalli ta yi kuka. Kakata ta wajen uwa, wadda kowa ke ce wa Iya, ita ke shuka shi a Ruma, a kusurwar gonar gidansu, tun ba a haifi Inna ba. Da ta rasu, kawuna, wan Inna, ya mai da gonar duka ta gyaɗa, don gyaɗa ce ake ɗorawa a sikeli a kai wa kamfani, ita ke raba mutum da masu karɓar haraji lafiya. Ƙwaruru abin mata ne, ba wanda ya waiwaye shi. Goran da Inna ta dawo da shi daga zaman makoki shi ne duk abin da ya rage.

Shekarar farko ta ba da rabi aka shuka mata a gonar Baba, kurege ya bi layi ya tone. Daga nan ta ce irin Iya ba zai ƙara kwana inda idonta ba ya kai ba. To ita matar malami ce, ba ta fita da rana, saboda haka sai bayan ɗakinta. Gidanmu kuwa sabo ne, a bakin garin Zakka aka gina shi, kuma bayan ɗakin nan nan ne aka haƙa ƙasar tubali, daga baya aka cike ramin da jar ƙasa da marmarar da aka fitar daga rijiya. Damina biyu tana shukawa a wurin. Yakan tsiro, ya yi ganye rawaya kamar mai ciwon shawara, ya tsaya gajere yana kallon mutane. Ta zuba toka, ta zuba ɗan kashin awaki da ya tsira daga masu kai taki gona. Duk da haka abin da take tonowa ba ya kai abin da ta binne. Ajiyewa kuma ba mafita ba ce, don iri in ya daɗe a gora yakan yi barcin da ba ya tashi. Bana in ta shuka bai yi ba, shi ke nan.

Ni ce 'yar fari, Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban fuskata in tana magana. Goran ta duba ta ce, "Ƙasarsa yake nema."

Ban yi mata musu ba. A makaranta an koya mana ƙasa wurin datti ce, a wanke hannu, a yanke farce. Amma ni kaina na san yadda nake a ɗakin kwananmu na Katsina, ga abinci ga gado ga fitila, ina ramewa ba ciwon komai. In na dawo gida kuma sai in rasa inda zan zauna, in shiga ɗaki in fito, in ɗauki littafi in ajiye. Wanda yake haka ba ya yi wa iri dariya.

Bayan la'asar Baba ya shigo daga zaure, ta shimfiɗa masa buzu, ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, ina da magana."

"Allah ya sa ta alheri ce."

"Ƙasa nake so a ɗebo mini daga Ruma. Ta gindin gawon nan, inda Iya ke shuka."

Baba ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. "Mutane na aikawa Ruma a kawo musu zuma, ke ƙasa?" Da ya ga ba ta taya shi ba, sai ya tsaya. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Kin san abin da ake faɗa in an ga mutum ya ɗebi ƙasar gonar wani."

Ta sani, ni ma na sani. A wajenmu wanda ya ɗebi ƙasar gonarka ana cewa ya tafi da albarkarta, kamar yadda ake tsoron mai ɗibar ƙasar sawun mutum. Gonarka ta yi ganye ba ƙwaya, tasa ta cika rumbu. In kuma aka ji daga gidan malami mai ɗibar ya fito, ai maganar ta gama gari kafin jaki ya juyo.

"Ni ban ce ƙasa na ji ko tana gani ba," in ji Baba. "Ban kuma ce na san duk abin da Allah ya ajiye a cikinta ba. In za a yi, a yi da rana tsaka, da izinin mai gona. Kuma a tafi masa da tamu, mangala a bakin mangala, kada ya ce an rage shi."

Wadda za ta je ita ce Gwaggo, yayar Baba, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, take bin kasuwanni da jakinta tana sayar da daddawa. Da aka kira ta aka gaya mata, ta riƙe haɓa.

"Wato ni, da furfurata, in kai ƙasa Ruma in dawo da ƙasa. Alaramma, karatun ne ya yi yawa, ko kuwa?"

"Yaya, taimako ne."

"Taimakon mahaukata. To wa zai kora mini jakin?"

"Ga 'yar boko nan tana ta zagaye gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Da za mu tashi da sassafe, Inna ta jawo gefen mayafina ta ƙulla 'yan ƙwayoyi a ciki. Ta ce wa ƙullin, "In an samu, a sa su ciki su fara sabawa tun a hanya."

Hanyar Ruma a damina kyau gare ta, amma ban gan ta sosai ba. Gero ya kai gwiwa, wake na rarrafe a ƙarƙashinsa, duwatsu sun yi wanka sun yi baƙi. Ni dai lissafina ɗaya, lokacin shukar ƙwaruru na wucewa, kowane hadari da ya haɗo gabas sai in ji kamar da ni yake. Jakin kuma tafiyar ganin dama yake yi. Duk wanda muka gamu da shi, bayan an gama gaisuwa, ina gida ina ruwa ina gajiya, sai idonsa ya sauka kan mangala.

"Gwaggo, yau ba daddawa?"

"Yau ƙasa muke sayarwa."

"Ta ƙare a Ruma ne?"

"Sun cinye, ɗan nan. Matsa mu wuce."

A inda hanya ta bi gefen gandun daji, malamin daji ya fito daga inuwa da kakinsa ya ɗaga mana sanda. A lokacin an hana sara da ƙona gawayi a cikin gandun, duk mai jaki abin tuhuma ne. Ya tura hannu cikin mangala har gwiwar hannu, ya fito da shi ja wur.

"Mene ne wannan?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe."

"Ƙasar me?"

"Ƙasar Allah. Ko ita ma Bature ya sa mata doka ba mu ji ba?"

Ya dube ta, ya dube ni, ya kaɗe hannunsa a wando. Har muka yi nisa ina waiwaye, yana tsaye a tsakiyar hanya bai koma inuwar ba.

Mun shiga Ruma rana na faɗuwa. Kawu ya yi murna ƙwarai, ya sa aka yanka zakara, yana ta nuna ni ga maƙwabta, "Ga ɗiyata ta wajen Turawa, ta iya rubutu daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama." Gwaggo ba ta ta da maganar ba sai da safe, bayan an sha kunu an sake gaisawa tun daga farko. Ta faɗa a fili yadda Baba ya ce a faɗa. Ina kallon fuskar Kawu tana rufewa kamar ganyen da aka taɓa.

"To mi ke cikin mangalar ga da kuka zo da ita?"

"Tamu ce. Malam ya ce a yi musanya, kada a rage ka."

"Malam ya ce." Ya maimaita a hankali. "Ƙasar da ta kwana gidan malami, a zuba mini ita tsakiyar gyaɗa tana shirin fure. Mi aka tofa mata?"

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Ƙanena kake yi wa zaton bokanci? Mutumin da ya yi wa uwarka salla?"

"Ni ban ce ba. Amma in ƙasa kawai ake so, mi ya kawo wata ƙasa?"

Abin da Baba ya yi don a kwantar da hankali shi ne ya ta da shi. Da hannu wofi muka zo, wataƙila da ya yi gunaguni ya ba mu. Yanzu kuwa abu biyu yake gani, za a ɗauke masa wani abu, a binne masa wani. Can cikin faɗan ya fito da abin da ke ƙasan ransa. Inna na da rabonta na gado a gonar, ba ta taɓa tambaya ba.

"Yau mangala," ya ce, "gobe igiyar awo da alƙali."

"Da gona take so, da ba tsohuwa da yarinya za ta aiko ba!" in ji Gwaggo.

Ya ɗauki hauyarsa ya fita. Bai kore mu ba, ba a korar baƙo. Bai kuma sake zama inda za a yi maganar ba.

Haka muka zauna a Ruma kwana da kwanaki, ruwa na sauka kusan kullum. Ban taɓa jin ruwan sama ya dame ni irin na lokacin ba. Kowane ɗigo ina tuna bayan ɗakin Inna, jiƙaƙƙe, ba kowa a ciki. Na rasa abin yi da jikina. In taya matar Kawu surfe, in bari a tsakiya. In shiga ɗakin Iya, wanda aka mayar wurin ajiye buhuna, in tsaya ina neman ƙanshinta, sai warin ɓera. In fita in bi hanyar gona har bakin shinge, in tsaya da hannuwana a baya don kowa ya ga ba abin da na taɓa. Daga nan ana hango gawon, tsirara ba ganye kamar yadda gawo ke yi da damina, shi kaɗai a cikin duniyar da ta yi kore. A gindinsa gyaɗar ta fi ko'ina duhu.

Duk lokacin da na dawo, matar Kawu na tsaye da buta a bakin ƙofa. "Wanke ƙafarki, 'yar nan, kin kwaso laka." Ita da kanta take zuba mini ruwan, har tsakanin yatsu. Har yau ban sani ba ko kirki ne, ko kuwa ƙasar gonar ce ba a so ta bi ni. Mai yiwuwa ita ma ba ta sani ba.

Gwaggo ta gaji. Ta jawo ni bayan rumbu ta ce, "Gobe in sun tafi masallaci zan cika zanena. Wa zai sani?"

"Baba ya ce da rana, Gwaggo. Da izini."

"Baban naki ba shi sauron Ruma ke ci ba."

"In aka gan ki, Inna ba ta ƙara shiga gidan nan."

Ta yi tsaki mai tsawo. "An kai ki boko kin dawo liman. To gobe sai gida, daddawata na can na lalacewa."

Da safe tana ɗaure wa jaki kaya tana magana da shi da ƙarfi don mutanen gida su ji, wai shi ya fi wasu sanin zumunci. Ni ina zaune kan turmin da aka kifa. Ban san abin da zan ce wa Inna ba, na kuma san ba za ta tambaya ba, za ta dubi mangalar kawai. Sai na kwance ƙullin mayafina, ba don komai ba, don in ga ko danshi ya taɓa su. Ina juya su a hannu Kawu ya zo wucewa da hauya a kafaɗa. Ya wuce, ya dawo.

"Mi ke nan?"

Na miƙa masa tafina. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya goga ta da babban yatsa, ya kai ta kusa da ido.

"Har yanzu akwai shi?"

"Saura abin da bai cika hannu ba, Kawu. In bana bai yi ba ya ƙare."

Ya sake juya ƙwayar a yatsunsa. Sannan ya ce, ba ni yake kallo ba, "Iya kan dafa shi da 'yar kanwa, ta juye a faifai ta ce kowa ya jira ya huce. Uwarki ba ta taɓa jira ba. Kullum da ƙonannen harshe take yawo lokacin girbi." Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ashe har yanzu ba ta iya haƙuri ba."

Ya juya wajen Gwaggo. "Kawo jakin ga."

A bakin hanya, tun kafin shinge, ya sa hannu ya kifar da jar ƙasarmu. "Wannan dai ba ta shiga gonata."

"Tun daga Zakka na ɗauko ta, marar kunya."

"Sai ki ɗauki ladan."

Shi da kansa ya haƙa, a gindin gawon. Ya fara yaye ruɓaɓɓen ganyen da ke sama, sai ga ƙasar baƙa, mai laushi, tana warwatsewa a hannu kamar dambu. Ƙanshinta ya taso mai sanyi, irin na randa sabuwa. A cikinta akwai wasu fararen zaruruwa sirara, sun bi ko'ina kamar saƙar gizo-gizo, sun riƙe ƙananan dunƙule. Na ɗauka fumfuna ce, irin wadda ke hawa tuwon da ya kwana biyu, na fara tsincewa ina yarwa.

"Bar shi," in ji Kawu. "Yadda take za ta tafi. Kada uwarki ta ce na tace na ba ta saura."

Hauyarsa ta sare gindin gyaɗa guda, bai ko tsaya ba, ya jefa saiwar cikin mangala da 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikinta kamar duwatsun wuya. Ya cika ɓangare biyu har jaki ya yi nishi. Na tura ƙwayoyin ciki yadda Inna ta ce. Ɗayar da ya ɗauka tana aljihunsa, ban tambaya ba, bai mayar ba. Matarsa ta kawo ɗanyen ganye ta rufe saman don kada ta zube.

Da muka yi sallama ya ce, "Ki gaya mata ta karɓi gadonta ke nan."

Gwaggo ta ce, "Ka faɗa mata da bakinka in kana da ƙarfin hali." Ya yi dariya, amma bai ce wasa yake ba.

Mun yi rabin hanya muka tarar da rafin da muka tsallake da ƙafa a zuwa ya cika ya kawo, ja, yana tafe da rassa. Mutane na zaune a gaɓa suna jira, Fulani mata da ƙoren nono, wani mai tallar gishiri. Muka zauna. Na kasa zama. In je bakin ruwa in kafa tsinke in ga ko ya ja baya, in dawo in taɓa mangala, in koma. Wata 'yar Fulani ta ce wa Gwaggo, "Ɗiyarki aure za a kai ta hayi?" Gwaggo ta ce, "Ina fa, ƙasa take reno."

Da ruwan ya sauka zuwa ƙugu aka fara shiga. A tsakiya jakin ya taka rami, ya durƙusa ta gefe guda. Na ga ɓangaren hagu na mangalar ya nutse, wani baƙin ruwa ya fita daga cikinsa ya bi jan ruwan, ya yi layi, ya ɓace. Ban san lokacin da na shiga ƙarƙashin ɗaya ɓangaren na tokare shi da kafaɗa ba. Gwaggo na jan igiya tana zagin jaki da uwarsa da ubansa, mai gishiri ya ajiye kayansa ya kama wutsiya. Da muka fita, ɓangare guda ba komai sai laka a ƙasan buhu. Gwaggo ta ari babbar ƙwarya wajen Fulanin a kan za ta mayar ranar kasuwa, muka juye abin da ya tsira, ta ɗora mini a ka.

"Ke kika ce da rana, ke kika ce da izini. Ɗauki."

Haka muka shiga Zakka, jaki na tafe wayam yana kaɗa kunne, ni wuyana kamar zai karye.

Inna ta karɓi ƙwaryar ta ajiye a inuwa. Ta yaye ganyen, ta nutsa hannunta har wuyan hannu, ta bar shi a ciki. Ba ta tambayi inda sauran take ba. Abin da ta ce kawai, "Yana lafiya?" Na ce yana lafiya, yana gaisuwa. Saƙon gado ban isar ba, na bar wa Gwaggo, ita kuma ta ce ba da ita aka aiko ba.

Washegari muka shuka. Ina sara rami, tana zuba ƙasar Ruma cikin hannu guda, ta ɗora ƙwaya, ta rufe da diddige. Waɗanda suka yi tafiya a cikin ƙasar har sun kumbura, su ta fara sawa. Ƙwaryar ta ƙare saura layi ɗaya. Ta kankare ta da yatsa, ta ɗauraye ta da ruwa ta yayyafa, sauran ƙwayoyin suka shiga jar ƙasa haka nan. Ta kifa goran a kan danga. Ba komai a cikinsa.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya fi tafiyar wuya. Suka tsiro duka, suka buɗe ganye, kuma duka rawaya-rawaya, ba bambanci tsakanin layin farko da na ƙarshe. Inna ta shiga zarya. Tana tuƙa tuwo sai ta ajiye muciya ta zaga baya, ta dawo. In ta dawo ni kuma in tafi. Wani lokaci mu yi karo a lungu, kowa ta yi kamar wani abu ta zo ɗauka. Baba bai taɓa tambaya ba, amma ya bar wurin alwalarsa na kullum ya koma yi a bayan ɗakin, yana daɗewa fiye da yadda alwala ke ɗauka. Gwaggo kaɗai ke faɗa da baki. Takan leƙa ta ce, "To, ga ƙasar Ruma, ga shawara. Da kun bar ni na sayar da daddawata."

Hutu ya ƙare suna nan a tsakani. Safiyar da zan tafi na tsuguna a gabansu na daɗe. Sai na ga kamar layukan farko sun fara duhu daga tsakiya, sabon ganyen ya fi tsohon kore. Amma na san idona, yakan ga abin da nake so. Ban gaya wa Inna ba don kada in ɗaga ta in kayar. Na bi masu zuwa bakin titi na hau motar gyaɗa, muka bar Zakka a baya.

A makaranta na zama abin tsokana. Malamar ɗinki ta kama ni na haɗe hannun riga da wuyanta. In ruwa ya sauka a kan kwanon aji sai in daina jin abin da ake faɗa, ina tunanin ko ya kai can, ko ya yi yawa, ko akuya ta sami ƙofa a danga. Ba mai zuwa daga wajenmu, ba wanda zan tambaya. Ruwa ya ɗauke, aka fara shigo da sabon gero kasuwa, ni ban san komai ba.

Wata ranar Juma'a aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Gwaggo ce, ta kawo daddawa birni, tana zaune a kan dutse tana yi wa mai gadi faɗa don ya hana jakinta shiga. Muka gaisa, ta ja gaisuwar da gangan, ta tambayi malamai, ta tambayi abinci, ta tambayi ko Turawa na cin daddawa. Sai da ta ga na kusa kuka ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ƙulli. Dafaffen ƙwaruru ne, bai fi a ƙirga da yatsu ba, jan layin ya ɗan baje da dahuwa.

"Uwarki ta ce a ba yarinyar nan. Ba ta ƙara komai ba."

"Goran fa, Gwaggo?"

"Ya wuce rabi. Layin ƙarshe ne bai yi ba, ya mutu da shawararsa. Sauran kuwa da aka tuge, saiwar duk ƙuraje, na ce cuta ce, ta ce haka na Iya yake. Ci mana, kin tsaya kallo. Ni an hana ni ko ɗaya, ni da na sha ruwan rafi."

Na ba ta rabi. Muka ci a tsaye a bakin ƙofar, ya yi sanyi, da ɗan ɗacin kanwa.

Shekaru sun shuɗe, ina kwalejin horar da malamai mata, malamar da ke koya mana aikin lambu ta tuge wake ta nuna mana ƙulle-ƙullen saiwarsa. Ta fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar nama. Ta sa a ƙarƙashin madubin nan na likita mai ƙara girman abu, muka bi layi muna leƙawa. Wasu halittu ne ƙanana, ido ba ya ganinsu, suna zaune a ƙasa, su shiga saiwa su yi ɗaki, su jawo wa shuka abinci daga iska, ita kuma ta ciyar da su. Fararen zaruruwan nan ma masu rai ne, wasunsu na manne wa saiwa su miƙa mata ruwa daga inda ba ta kai ba. Ƙasar da aka fitar daga zurfin rijiya kusan ba kowa a cikinta.

Na ɗaga hannu na tambaye ta ko kowane iri da halittun garinsu, waɗanda ba ya yarda da wasu sai su. Ta ce a'a. Waɗanda ke zama da ƙwaruru su ne ke zama da wake da gyaɗa, kuma suna nan a kusan duk gonar da aka saba shuka waɗannan. Gonar Baba, wadda ake shuka gero da wake a cikinta kowace damina, daga jikin dangar bayan ɗakin Inna ta fara.